Yadda Ake Arziki da Tsofaffin Akwatunan Gem, Bisa Tafarkin Nazakat Mai Fanka

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari kafin damina ta zagayo za ka ga layi a ƙofar shagonka, manya masu tumbi suna roƙonka ka karɓi kuɗinsu. Ba a littafi na karanto ba. A layinmu aka yi, nan Gujranwala ta ƙasar Pakistan, bayan kasuwar 'yan tukwane, kuma wanda ya yi yana nan da ransa: Nazakat Mai Fanka, ɗan shekara arba'in da shida, mai 'ya'ya uku, babbarsu Hina. Abin da ya yi shi za ka yi.

Mataki na ɗaya: Ka rasa sana'arka ta gaskiya

Mai abin yi ba ya arziki da gem, saboda hankalinsa yana jikinsa. Nazakat ya shekara ashirin yana gyaran fanka a wata rumfa a bakin titi, har ranar da aka zo faɗaɗa hanya, katafila ta kwashe rumfar da bencin da allon sunan a loma ɗaya. Ya dawo gida da sukundireba a aljihu, ya yi wata biyu yana gyara fankar ɗakinsu wadda lafiyarta ƙalau. Ran da ya kwance ta karo na tara, matarsa Shagufta ta tsaya a kansa da ludayi a hannu.

"Abban Hina, ka sake taɓa fankar nan ka gani. Kai zan rataye a silin ka yi ta juyawa."

Ta kuma tuna masa cewa yayanta na garin Sialkot har yanzu yana neman mai gadi a masana'antarsa. Wannan yayan nata shi ne mai kiran Nazakat "Babban Injiniya" a gaban mutane, yana dariya har da riƙe ciki. Nazakat ya gwammace ya kwana a kan titi da ya riƙa buɗe masa ƙofa yana sara masa.

Idan taka matar ba ta kai ga ambaton yayanta ba, ba ka shirya ba tukuna. Koma ka ƙara zama.

Mataki na biyu: Ka fita sayen wani abu dabam

Kada ka fita da niyyar sayen akwatin gem, tsada zai yi maka. Nazakat wayar tagulla ya je nema wurin Gul Zaman ɗan gwangwan, sai ya hango su a jingine a bayan tulin tsofaffin firji. Akwatuna huɗu ne, kowanne tsayin mutum, da talabijin a ƙirji, da 'yar sandar juyawa, da maɓallai shida, da ramin jefa kwandala. Irin waɗanda yake satar kuɗin madara yana zuwa bugawa yana yaro.

"Khan sahib," Nazakat ya ce wa Gul Zaman, "waɗannan fa?"

"Katako ne da ƙarfe. A kilo nake sayarwa."

"Suna aiki?"

"Ɗan'uwana, ni da nake tsaye a gabanka ma ba kullum nake aiki ba."

Ya sayar da babur ɗinsa ya saye su duka huɗun. A cikin ɗaya akwai kaza kwance a kan ƙwai, ta ƙi fita, Gul Zaman ya auna har da ita. Da yamma aka shigo da su layinmu a amalanken jaki, Nazakat yana tafe a gefe yana dafe da su kamar mai rakiyar amarya.

Ka riƙe doka ɗaya ta waɗannan akwatuna, don ita ce sana'ar gaba ɗaya. Mutum biyu ke bugawa, kowa da ƙaton da yake juyawa a talabijin, su yi ta naushin juna. Wanda ya ci ya ci gaba da zama kyauta. Wanda aka kayar, in yana son ramuwa, sai ya sayi sabuwar kwandalar wasa a wurin mai shago.

Mataki na uku: Ka nemi shago a wurin wanda kake tsoro

Gidan da Nazakat yake zaune na gwaggonsa ne, ƙanwar mahaifinsa, wadda yake kira Fufo. Sunanta Musarrat, amma rabon da wani ya furta sunan tun rasuwar mijinta. Duk unguwa Madam ake ce mata, domin ta shekara talatin tana shugabancin makarantar firamaren maza. Babu wani namiji mai furfura a yankinmu da kunnensa bai san yatsunta ba. A ƙasan gidan akwai wani ɗaki mai ƙofa ta waje, shi Nazakat ya je roƙo, ya durƙusa yana matsa mata ƙafa.

"Fufo ji, cibiyar koyar da na'ura mai ƙwaƙwalwa nake son buɗewa."

"Mai ƙwaƙwalwa." Ta dube shi ta saman tabarau. "Ita ce na ji tana kukan kaza jiya?"

Ya ci gaba da matsa mata ƙafa.

"Shekara talatin ina jawo 'ya'yan mutane daga irin wannan shagon, yau ɗan yayana zai buɗe mini shi a ƙarƙashin gadona. To, ji nan. Wata uku na ba ka, darajar mahaifinka. In ka ciyar da iyalinka da shi, shi ke nan. In ba haka ba, Sarfaraz mai kaji yana son ɗakin, kai kuma Sialkot tana jiranka."

Ka lura, wa'adi yana da amfani ga ɗan kasuwa. Yana hana shi barcin rana, kuma yana rage masa tumbi ba tare da ya biya kowa ba.

Mataki na huɗu: Ka jira yara, su ƙi zuwa

Nazakat ya yi sati biyu da kansa a cikin akwatunan, ya tayar da uku. Na huɗun bai taɓa nuna hoto ba, sai dai duk wanda ya taɓa shi sai lantarki ya ɗan fizge shi. Kada ka zubar da irin wannan. Wani tsoho mai ciwon gwiwa ya jingina da shi bisa kuskure, ya rantse ya ji sauƙi, daga ranar yake zuwa kullum da safe ya sayi kwandala ya manna gwiwarsa minti biyar.

Shi ne kaɗai abokin cinikin wata na farko.

Yara sun zo ranar buɗewa, gaskiya. Sun shafa gilashin da yatsa, suka ga hoton bai motsa ba, suka tambaya ko ya lalace ne. Da aka nuna musu sanda da maɓallai, suka dubi juna, suka ce, "Kawu, a wayar babanmu akwai wanda ya fi wannan, kuma kyauta." Suka shanye lemon da aka raba, suka watse. Nazakat ya zauna a bakin ƙofa yana kallon Sarfaraz mai kaji, wanda ya tsiri wucewa sau biyu a rana yana auna faɗin ɗakin da ido.

Mataki na biyar: Ka ƙure sauti, masu kuɗin suna tafe

Wata la'asar, don takaici, Nazakat ya murɗa sautin akwatin har ƙarshe. Kiɗan nan na ƙarfe-ƙarfe ya cika layi. Daidai lokacin Dakta Tanwir likitan haƙori yake wucewa da ledar magani, mutum mai sanƙo da mota da mutunci. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya har mai rikisho, wato keken haya mai ƙafa uku, ya zage shi. Ya shigo a hankali, ya shafa gefen akwatin, idonsa ya kawo ruwa.

"Nazakat bhai, nawa kwandala?"

"Rupi ashirin, Dakta sahib."

"A zamaninmu rupi ɗaya ce." Ya tuɓe agogo, ya naɗe hannun riga. "Ba ni goma. Kuma ba ka gan ni ba."

Washegari ya dawo da wani lauya da wani mai shagon tayal. Kafin sati sun kai bakwai, dukansu abokan aji tun firamare. Kowa yakan ce wa matarsa ta'aziyya za shi. A wata ɗaya Dakta Tanwir ya binne kawunsa guda har sau huɗu.

Amma kada ka yi saurin murna. Mutumin da ya haura arba'in wasa uku yake yi wuyan hannunsa ya sage, sai ya ja kujera ya hau ba da labarin yadda yake da zafi a da. Suna labari, Nazakat yana aiko musu da shayi daga aljihunsa, don ba a barin likita da lauya da bushewar baki. Ranar da wata uku suka cika, abin da shagon ya kawo bai wuce kuɗin shayin da na wuta ba. Shagufta ta sauko da jakar tafiya daga kan kabad, ta kakkaɓe ta, ba ta ce komai ba. Wannan ya fi ludayin ciwo.

Mataki na shida: Ranar rufe shago, ka bar akwatin a kunne

Fufo ta sauko bayan la'asar da kwaɗo a hannu, Sarfaraz yana biye da ita da tef ɗin awo. Tana sa ƙafa a shagon, ƙattai bakwai suka miƙe tsaye lokaci guda. Lauya ya haɗiye hayaƙin sigarinsa. Dakta Tanwir, wanda yake tsakiyar wasa, ya ci gaba da bugawa da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya kai shi kan kunnensa ba tare da ya sani ba.

"Assalamu alaikum, Madam."

Talabijin ɗin take kallo.

"Tanwir."

"Na'am, Madam."

"Shekara talatin da biyar, har yanzu in an matse ka a lungu tsalle kake yi? Ba ka ga duk tsallen da ka yi a haɓa ake tarbarka ba?"

Ta ajiye kwaɗon a kan benci, ta miƙa wa Nazakat tafin hannu. Ya daɗe yana kallon hannun kafin ya gane kwandala take nufi. Ta gyara mayafi, ta tura tabarau sama, ta kama sandar da yatsu uku kamar alli. Awarwaronta suka yi ƙara sau kaɗan, ƙaton Dakta ya baje a ƙasa ko taɓa nata bai yi ba.

"Fufo ji," in ji Nazakat da ƙyar, "a ina kika koya?"

"A bayanku, 'yan banza. Ni ban taɓa jan kunnen yaro yana tsakiyar wasa ba, ai kuɗin ubansa ne a ciki. Tsayawa nake yi sai an kashe shi. Shekara talatin ina tsaye ina kallon kurakuranku, ba wanda ya taɓa ce mini bismilla."

Dakta Tanwir ya yi ja har sanƙonsa. "Nazakat, ba ni wata."

Ta kayar da shi. Ya sayi wata. Ta kayar da lauya, ta kayar da mai tayal sau shida, tana yi tana faɗa wa kowa laifinsa da sunan ubansa. Mutanen da wasa uku ke gajiyar da su suka manta da wuyan hannu. Can sai ga Sarfaraz ya naɗe tef ɗinsa ya shiga layi, don shi ma ta taɓa sa shi kamun kunne a gaban aji. Da aka kira magariba, Nazakat ya jawo akwatin kwandaloli ya ji ya yi masa nauyi. Ita kuma kwandala ɗaya tak ta jefa tun shigowarta.

Ta ɗauki kwaɗonta. A bakin ƙofa ta juyo. "Maɓallin tsakiya yana maƙalewa. Ka gyara kafin gobe."

Mataki na bakwai: Ka huda bango

Fufo ta ce ba za ta riƙa zama kafaɗa da kafaɗa da ƙattin banza ba, ko da ita ta koya musu fyace majina. Nazakat ya huda bangon da ya raba shagon da falonta, ya ja waya, ya kai mata talabijin da sanda da maɓallanta ciki, ya rataya labule a ƙofar tsakani. Tana zaune a kujerarta da shayinta da carbinta, su suna waje. Ba sa ganinta. Ƙarar awarwaro kawai suke ji, sai muryarta in ta gama da mutum: "Na gaba!"

Ta kuma ce rabin abin da aka samu nata ne. Ka yarda da irin wannan nan take, kafin a ce kashi biyu cikin uku.

Labari ya bazu. Ka tuna, yara ɗari-ɗari ta yaye duk shekara har shekara talatin, kuma kowannensu yana da kunne. Suka riƙa zuwa daga Lahore, daga Karachi. Wani ya sauka daga Dubai, bai je gidan uwarsa ba sai da ya biyo ya sha kashi sau tara. Mai jalebi, soyayyen zaƙin nan na fulawa da sukari, ya kafa kasko a ƙofar shagon. Shagufta ta mayar da jakar tafiya kan kabad, har ta fara ce wa maƙwabta mijinta yana harkar na'urori. Wata biyar ba wanda ya ci Madam ko sau ɗaya. Dakta Tanwir kuwa kullum shi ne na farko a layi, ya rame, yana zana dabaru a bayan takardar magani.

Mataki na takwas: In ta yi tafiya, ka yi abin da aka hana ka

Bikin jikarta ya taso a garin Multan, kwana biyar. Ta ce a kashe akwatinta, a faɗa wa mutane gaskiya. Nazakat ya ce to. Da motarta ta ɓace ya dubi layin da ya kai har shagon mai aski, ya ji zuciyarsa ba za ta iya ba. Ai ba ganinta suke yi ba. Ya shiga ɗakinta, ya samo wasu awarwaronta na ƙarfe guda shida, ya mulke hannu da sabulu ya tura su da ƙyar. Ya sa Shagufta sayar da kwandala, ya ce ta ce Madam mura take yi, ba ta magana.

"Abban Hina, wannan abin zai ƙare da kuka."

"Ni ma fa gwani ne a da."

Ya zauna a kujerarta bayan labule, ya ci mutum biyu na farko, yana kaɗa hannu don a ji ƙara. Na uku Dakta Tanwir ne. Dakta, wanda wata biyar ana dukansa har ya daina tsalle a lungu, ya kwantar da shi cikin minti ɗaya.

Sai Dakta ya kurma ihun da ya tayar da tantabarun masallaci. Aka ɗaga shi sama. Ya saye kaskon jalebi gaba ɗaya ya raba, ya ɗauko makaɗa, aka rataya masa furanni, ya yi shelar cire haƙori kyauta na kwana uku ga duk ɗan layin, har masu lafiyayyun haƙora suka je don kada a bar su a baya. Aka ɗaura ƙyalle daga wannan bene zuwa wancan, an rubuta: TANWIR YA CI MADAM.

Washegari ko mutum ɗaya bai zo shagon ba. Wa zai biya ya doki wadda aka riga aka doka? Mai jalebi ya kwashe kaskonsa. Ga shi zafi ya kumbura hannun Nazakat, awarwaro suka ƙi fita. An gwada sabulu, an gwada man shanu, an gwada zare. Ya naɗe hannun da bandeji ya ce ƙonewa ya yi, amma duk inda ya gifta ana jin wata 'yar ƙara, har a sahun salla.

Mataki na tara: Ka miƙa kunnenka

Fufo ta sauka daga rikisho a ƙarƙashin ƙyallen. Ta karanta shi sau biyu, ta ce ko waƙafi ba su sa ba. Ta shiga shagon da babu kowa sai tsohon nan da gwiwarsa, ta dubi ɗan yayanta.

"Kaɗa hannun nan."

"Fufo ji, ƙuna ce..."

"Kaɗa."

Ya kaɗa.

Duk layinmu ya ga abin da ya biyo baya: tsohuwa 'yar shekara sittin da takwas tana jan magidanci da kunne tun daga shagon har asibitin haƙori, yana tafe a karkace yana ƙara kamar akuyar da aka sa wa ƙararrawa. A gaban masu jiran layi ta warware bandejin, ta sa shi ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

Mutane suka fashe da dariya. Dakta Tanwir bai yi ba. Ya zauna a kujerar marasa lafiya, ya cire furannin da har ranar suke wuyansa, ya ajiye a cinya.

"Madam," ya ce a hankali, "tun ina aji uku nake so sau ɗaya ki ce na yi daidai. Na zama likita, kika ce rubutuna ya ƙara lalacewa. Kwana huɗun nan na ɗauka na samu."

Ta juya wajen ƙofa.

"Tashi. Wanke hannunka ka biyo ni."

Ta sa aka yaye labulen, ta zauna a shago kusa da shi, jama'a har kan tagogi. Ta ci zagayen farko. Ya ci na biyu, na gaske, kowa yana gani, har lauya ya fara salati. A na uku saura ƙiris kowannensu ya faɗi, ta matse shi a lungu. Bai yi tsalle ba. Ya tare, ya tare, ya rama, sannan ta shammace shi ta share ƙafarsa.

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

"Ba laifi, Tanwir."

Likitan ya kifa kansa a kan maɓallai ya yi kuka kamar an yi masa haihuwar fari. Bayansa ƙattai fiye da talatin suna share ido, don a cikinsu babu wanda ya taɓa jin ta faɗa wa wani mahaluki haka. Kafin ya ɗago, layi ya koma har shagon mai aski. Yanzu ba cin ta suke nema ba, kowa so yake a ce masa ba laifi. Har yau ba ta sake faɗa ba.

Maƙeri ne ya yanke awarwaron. Ta cire kuɗinsu daga rabon Nazakat, ta kuma mayar da rabon nasa kashi ɗaya cikin uku. Duk da haka ya sayi sabon babur, 'ya'yansa suna makaranta, kuma da yayan matarsa na Sialkot ya zo ganin abin da ake faɗa, sai da ya bi layi awa biyu a rana, Nazakat yana zaune a inuwa yana ce masa babu canji.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai same ka. In ka sayar da abin hawanka ka kwaso katako, kai ka so. In lantarki ya ja ka, in matarka ta tafi gidansu, in kunnenka ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kada ka nemi gidana, ban san ka ba, kuma ban taɓa ba kowa shawara ba. Alkawarin da na yi a sama yana aiki ne kawai ga wanda Allah ya ba gwaggo irin wannan. In ba ka da ita, kada ka aiko neman aron tamu. An riga an gwada. Ta ce a faɗa wa mai tambaya ya zo da ƙafarsa, ya sayi kwandala, ya bi layi.